Buhun da Kakana Bai Gama Tsincewa Ba

Daga Allah muke, wurinsa kuma za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. An sallaci Kakana, mahaifin mahaifiyata, a Haramin Madina bayan la'asar, maza suka wuce da shi maƙabartar Baƙi'a, mu mata muka zauna a falon Iya, matarsa, a unguwar Harra ta Gabas.

Matan da suka cika falon ba su yi maganar sallarsa ko azuminsa ba, ko da yake yana da su. Maganar barci suka yi ta yi. Wata tsohuwa 'yar Sudan da ta zo daga unguwar Jurf ta ce bayan rasuwar ɗanta ta yi wata huɗu idonta bai san hutu ba, sai da wannan bawan Allah ya ƙulla mata saiwa a tsumma. Wata Bakanuwa ta ce ita kam ya taɓa korarta, ya ce ba magani take buƙata ba, ta rage shayi. Aka yi dariya kaɗan, aka tuna inda ake, aka daina. Can sai wata da ban sani ba ta tambaya a hankali, yanzu wa zai riƙa tsince wa mutane? Iya tana jan carbi, idonta a kan ƙofar ɗakinsa.

Ni jikarsa ce, ina karatun ilmin halittu a jami'a, kuma ba mai yawan magana ba ce. Dalilai biyu suka sa na zauna na rubuta wannan. Na farko, kada a manta da irin aikin da ya yi. Na biyu, akwai ƙulli ɗaya na saiwa da ya fita daga gidanmu a rana ta biyu ta zaman makoki, ana zaton maganin barci ne, alhali wataƙila akwai guba a cikinsa, kuma har yanzu bai dawo ba.

Daga Damagaram Kakana ya zo yana saurayi. Ya yi dako, ya yi shara, daga baya ya samu shiga shagon wani addar, wato mai sayar da kayan ƙamshi da itatuwan magani, a nan ya tsufa. Ba ya awo, ba ya karɓar masu saye. Aikinsa yana can bayan shago: a kawo buhu, ya zazzage a kan farin faranti, ya tsince. Bayan ƙafafunsa sun gaza ya dawo gida, amma buhunan suka biyo shi, domin masu shaguna uku ko huɗu ba sa yarda su sayar da nardin sai ya bi ta hannunsa.

Nardin shi ne sunan da Larabawa ke kiran saiwar. A gidanmu saiwar kyanwa muke ce mata. Ana dafa kaɗan a sha don samun barci da kwanciyar zuciya. Ba ta fita a ƙasar nan, daga duwatsun wasu ƙasashe masu sanyi ake haƙo ta a daji, a busar, a turo. Wanda bai sani ba zai ce duk iri ɗaya ce: baƙin itace mai wari kamar safar da aka kwana uku ba a cire ba. Shi kuwa yana raba ta gida-gida, kuma kowane gida da sunan da ya laƙa masa.

Akwai mai gemu, gajeren kai ne da jijiyoyi masu yawa suna zubowa kamar zaren saƙa, launinta ya fi haske. Ita ce ya fi yarda da ita ga tsofaffi. Akwai mai gaɓa, ta ƙasar Hindu, a lanƙwashe kamar yatsan tsoho, da zobba-zobba a jikinta, warinta ya fi ƙarfi, yakan ce a rage mata hannu. Akwai sumbul, mai gashi ja-ja kamar wutsiyar ɓera, wanda ya ce ɗan uwa ne amma na ɗaki dabam, ya fi dacewa da turare. Sai wata siririya da ke fita a fadama, wadda yake kira malalaciya. Ba ta cutarwa, ba ta kuma yin komai, in ya same ta da yawa a buhu sai ya ce an yi wa mai shago wayo.

Sannan akwai wanda ba ɗan gidan ba ne sam. Larabawa suna ce masa bish. Kakana ba ya son kiran sunan, baƙo yake cewa. Saiwa ce mai kauri daga sama, tsini daga ƙasa, kamar ƙaramin karas da ya bushe ya yi baƙi. In an karya, cikinta fari ne kamar rogo, da wani siririn zane mai kusurwoyi kamar tauraro. Ɗan guntunta yana iya tsayar da zuciyar ƙato. Ba kullum ake samu ba. Sai a yi shekara buhu bayan buhu babu ko ɗaya, rana guda kuma a ga biyu a tafin hannu. In ya samu sai ya jefa a wani tsohon gwangwanin madara mai murfi, ya wanke hannu sau uku, ranar kuma ba ya cin abinci da hannu, sai da cokali.

Ina 'yar shekara tara ya fara bari in zauna kusa da farantin. Malama yake kirana, don kullum da littafi a hannuna, kuma in na yi shiru da yawa sai ya ce wa Iya, ga shi an ba shi amarya kurma. Ba ya koyarwa da baki sosai. Zai miƙo mini guntu ne kawai ya jira. In na faɗi daidai ya ɗauki wani, in na kuskure ya bar shi a hannuna har sai na gaji na sake dubawa. Abu ɗaya ya hana ni da kakkausar murya. Shi idan ya yi shakka yakan taɓa guntun da kan harshensa, in leɓensa ya ɗauki zugi ya mutu kamar an yi masa allura, to baƙo ne. Ya ce ranar da ya ga na gwada haka, ranar na bar ɗakinsa ke nan.

Kyanwoyin unguwarmu sun san ranar da aka kawo buhu. Sukan taru a bakin taga suna birgima kamar masu maye. Wata rana na ce masa ai ke nan abin da sauƙi, a ajiye wa kyanwa, wanda ta bi shi ne na gaske. Ya buɗe gwangwanin, ya ɗauko guntun baƙo da ya ciro a safiyar, ya riƙe shi ta cikin gilashin taga inda akwai 'yar kafa. Wata jar kyanwa ta taso tana goga fuska a wurin, tana kuka.

"Wata uku suka yi a buhu ɗaya," in ji shi. "Warin ya kama shi. Hanci ba ya raba su, Malama, sai ido, sai kuma ki karya."

Bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin tsirran nan a raye ba. Wannan ban sani ba sai da na shiga jami'a, na zo masa da hotuna a waya. Na nuna masa mai gemu: doguwa, ganyenta a jere biyu-biyu kamar gashin tsuntsu, ƙananan furanni farare masu ɗan ja a cure a sama. Na nuna masa mai gaɓa, gajera, ganyen gindinta mai faɗi. Ya riƙe wayar nesa da fuska yana gyaɗa kai kamar wanda aka nuna wa 'ya'yan abokinsa. Da muka zo kan bish, mai fure shuɗi da ya rufe kai kamar hula, ya daɗe yana kallo. Ya ce ashe kyakkyawa ne. Sannan ya tambaye ni ta yaya mai haƙa zai kasa bambanta wannan da wancan, ga fure ga ganye. Na gaya masa abin da na karanta, cewa ana haƙa ne bayan furen ya zube, ganye ya kwanta, lokacin da saiwa ta fi ƙarfi. Ya ajiye wayar. Ya ce shekara arba'in yana jin haushin mutanen da bai taɓa gani ba, ashe su ma lalube suke yi.

Rigimar da na sani ya yi mai tsanani ɗaya ce, da Kawu, babban ɗansa. Kawu ya sayo injin niƙa ƙarami, ya ce mutanen yanzu gari suke so a kwalba, ba wanda ke da lokacin dafa itace. Ya ce a niƙa buhun gaba ɗaya, in ma akwai wani abu ai zai narke a cikin yawa. Kakana ya tashi da sandarsa ya fitar da injin tsakar gida da kansa, yana haki. Ya ce abin da aka niƙa ba shi da fuska, wanda kuma ba shi da fuska ba a yi masa shaida. Kawu ya ce cikin Larabci, saboda in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinsa, cewa duk garin nan ba wanda ya taɓa mutuwa da nardin. Kakana ya ɗauko gwangwanin ya girgiza masa a kunne. Wata biyu ba su zauna cin abinci tare ba. Iya ce ta sasanta su, ta karɓe injin ta mayar da shi na niƙa kanumfari da citta.

Ba kowa yake ba magani ba. Akwai wani magini ɗan Maraɗi da ya zo da azahar wata rana, idanunsa jajir, ya ce a ba shi mai ƙarfi. Kakana ya zaunar da shi ya yi ta jan sa da hira har ya gane cewa iƙamarsa, takardar zama, ta kusa ƙarewa, mai gidan aikinsa kuma ya daina ɗaga waya. Ya ce masa wannan ba ciwon saiwa ba ne. Ya sa Iya ta zuba masa tuwo da miyar kuka, washegari ya raka shi wurin wani tsohon abokinsa da ya san hanyar ofisoshi. Maginin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Kakana. Kawu ya ce har aka gama binnewa bai yarda ya ba kowa wurinsa ba.

Buhu na ƙarshe ya iso mako guda kafin a kwantar da Kakana a asibiti. Mai shagon da ya aiko ya ce ya bar masa kyauta, ya yi yadda ya ga dama da shi. Hannunsa ya riga ya fara rawa, don haka kaɗan-kaɗan yake yi. Tsarinsa bai taɓa canzawa ba: wanda aka tsince yana shiga farar jakar yadi da Iya ta ɗinka, wanda ba a tsince ba yana nan a buhunsa a kan kabad. Bai rubuta komai a jiki ba, bai ga dalili ba. Ina cikin jarrabawa a makon, sau ɗaya na leƙa shi. Ya ce in na gama in zo mu ƙarasa tare, wannan buhun bai kwanta masa ba.

A rana ta biyu ta makoki mata suka yi yawa har falo ya kasa ɗauka. Hala, ƙanwar mahaifiyata, ta shiga ɗakinsa ta gyara don a samu wurin zama. Hala ita ce ta yi jinyarsa, ita ta kwana a asibiti, kuma a cikin 'ya'yansa ba wanda ya kai ta son sa. Ta ji abin da matan ke faɗa game da barci, sai ta yi tunanin ba sadakar da za ta fi isa gare shi kamar maganinsa. Ta sauko da buhun, ta juye farar jakar a ciki, ta gauraya, ta ƙulla a ƙananan ledoji. Bayan la'asar duk wadda ta tashi tafiya sai a miƙa mata ɗaya a ce ta sa shi a addu'a. Ni ina kicin ina wanke kofunan gahawa, na ga ana fita da ledoji, na ɗauka dabino ne.

Da safiyar rana ta uku Kawu ya aike ni ɗakin in ɗauko iƙamar Kakana don takardun rasuwa. Na ga buhun a ninke a ƙarƙashin gado, babu komai a ciki. Farar jakar tana rataye a ƙusa, ita ma wayam. Na buɗe gwangwanin madara. Guntaye uku ne a ciki, sababbi, ɗaya an karya shi, farin cikinsa bai ko dushe ba. Uku ya samu a rabin da ya tsince. Sauran rabin ba wanda ya duba.

Ya kamata in fita a take in faɗa. Ban yi ba. Na kai wa Kawu takardar, na koma kicin, na tsaya ina tunanin yadda zan buɗe baki a gaban mata talatin in ce sadakar Hala guba ce. Na ce wa kaina wataƙila ukun nan su ke nan. Sai da aka kira azahar na samu Hala ita kaɗai na nuna mata gwangwanin. Ta ce ai ta sunsuna, duk warinsu ɗaya, har kyanwa ta biyo ta ƙofar ɗaki. Ta ce in rufa mata asiri, in bari a tashi daga makoki, kada a ce 'yarsa ta raba wa mutane mutuwa a kan gawarsa.

Iya na tsaye a bakin ƙofa, ba mu san ta zo ba. Ta karɓi gwangwanin ta leƙa. Ta zauna da mutumin nan shekara hamsin, ba ta buƙatar bayani.

"Tun yaushe kika gani?" ta tambaye ni.

Na ce tun safe.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shiga falo, mace mai takaba wadda tun ranar farko ba a ji muryarta ba, ta tsaya a tsakiya ta ce duk wadda ta karɓi ƙulli jiya kada ta dafa, ta dawo da shi yau, wadda kuma ta san wata da ta karɓa ta kira ta yanzu tana zaune. Ta ce kuskuren na gidan nan ne, ba na mutum ɗaya ba. Wata ta fara cewa ai Hajiya ba komai, Allah ne ke tsarewa. Iya ta ce Allah ya tsare su shekara arba'in da hannun mijinta, yanzu hannun yana Baƙi'a.

Falon ya koma kiran waya. Kawu ya bar baƙinsa maza ya ɗauki mota, ya yi Jurf, ya yi Aƙiƙ, yana karɓowa gida-gida. Tsohuwar nan 'yar Sudan ta riga ta jiƙa nata a kofi tana jiran dare. Hala ta tuna ledoji ashirin da shida ta ƙulla, don ledar da ta buɗe sabuwa ce mai talatin, huɗu suka rage. Kafin magariba ashirin da biyar suna kan farin faranti a gabana. Na tsince su yadda na ga yana yi, kowane guntu mai kauri sai na karya. Na samu baƙo a biyu daga ciki. Ɗaya daga cikin biyun shi ne wanda aka cire daga kofin tsohuwar.

Na ashirin da shida ya ɗauke mu kwana huɗu. Wata mata ce 'yar Cadi, mai aikin gida a Aƙiƙ, wadda ba ta san Kakana ba, rakiya ta yi wa maƙwabciyarta. Da muka same ta, ni da Hala, a ƙofar baya ta gidan da take aiki, ta yi murna da ganinmu, ta zaci godiya muka zo yi. Ta ce ba ta sha ba. Hala ta dafa bango ta ce alhamdu lillahi. Sai matar ta ƙara da cewa ta aika wa mahaifiyarta, wadda ta daɗe ba ta barci, ta hannun wani ɗan garinsu da ya gama Umara ya tashi shekaranjiya. Ta ce tsohuwar za ta ji daɗi, magani daga Madina, kuma sadakar mutumin kirki.

Ɗan garin nasu mun same shi a waya. Ya ce ya riga ya ba direban motar da ke shiga ƙauyukansu, bai san sunansa ba. A ƙauyen waya ɗaya ce, ta ƙanen matar, kuma ba ta kamawa sai ya fito kasuwar mako ya hau tudu. Matar ta ce ita in ta yi bayani ba za su ɗauka da nauyi ba, gara wadda ta san abin ta faɗa. Ta miƙo mini wayarta in ɗauki saƙon murya. A tsaye a wannan lungu na yi magana mafi tsawo da na taɓa yi wa wanda ban sani ba. Na faɗi kamannin ledar, na faɗi kamannin saiwar mai tsini, sannan na ce kada ma su tsaya dubawa, su haƙa rami mai zurfi inda awaki ba sa zuwa su binne duka. Matar ta maimaita da irin Hausarsu da Larabcinsu, muka tura.

Allah ya jiƙan Kakana, ya yalwata masa kabari, ya karɓi guntayen da ya cire daga bakin mutanen da ba su taɓa sanin an cire musu komai ba. Allah ya ba Iya haƙuri, ya sanyaya zuciyar Hala, wadda tun ranar ba ta cin abincin kirki. Wanda duk ya karanta wannan kuma yana da ɗan uwa mai shiga ƙauyukan da ke gabas da tafkin Cadi, ya taimaka ya faɗa: ƙaramar leda fara, an ƙulle bakinta sau biyu, an ce daga Madina.

Matar tana turo mini hoton wayarta kowace safiya kafin ta fara aiki. Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Yau Talata, kasuwarsu kuma sai Alhamis.